Zuwa ga Edita: A koya wa yara karanta layin lambobi kafin a sa su zana shi

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana malaman lissafi, da kuma iyayen da ke duba littattafan 'ya'yansu idan sun dawo daga makaranta, a kan wani darasi da ake koyarwa a aji biyu na ƙaramar sakandare, wato nuna rashin daidaito a kan layin lambobi. Tambayar takan zo da sauƙi a ido. Za a rubuta x > 2, wato x ya fi 2, ko kuwa x ≤ −1, wato x bai wuce −1 ba, a ce ɗalibi ya ja layi ya nuna dukkan lambobin da suka cika wannan sharaɗi. Rula da fensir sun wadatar, ba a bukatar na'urar lissafi, amma duk malamin da ya taɓa zama ya duba takardun jarrabawa ya san yadda yara ke zubar da maki a nan, kuma matsalar takan bi su har babbar sakandare, inda za a ɗora musu rashin daidaito mai harufa biyu a kan takardar zane. A ganina laifin yana ga yadda muke gabatar da darasin, domin mukan ba yaro ƙa'idar zane ya haddace tun bai san abin da zanen yake faɗa ba.

Abin da zanen yake faɗa kuwa bai da wuyar ganewa. Idan aka ce x + 3 = 5, amsa ɗaya ce tak, wato 2, kuma ɗigo ɗaya ya isa a nuna ta a kan layi. Idan kuwa aka ce x + 3 > 5, to 3 amsa ce, 4 amsa ce, biyu da rabi amsa ce, 2.01 ma amsa ce, haka miliyan ɗaya. Babu mai iya rubuta amsoshin nan su ƙare ko da zai kwana yana rubutu, shi ya sa ake zana su. Zanen yana amsa tambayoyi uku ne: ina iyaka take, iyakar kanta tana cikin amsa ko ba ta ciki, kuma ta wane ɓangare na iyakar amsoshin suke. A misalin da na kawo iyakar ita ce 2. Da yake 2 + 3 bai fi 5 ba, daidai yake da shi, sai a yi zobe mara ciko a kan 2, alamar cewa an zo bakinta amma ba a ɗauke ta ba. Da alamar ≥ ce, da sai a cike zoben ya zama baƙin ɗigo. Daga nan a ja kauri a kan layin zuwa dama, a sa kibiya a ƙarshe don a nuna cewa amsoshin sun ci gaba ba iyaka.

Yadda ake koyarwa a azuzuwa da dama shi ne malami ya rubuta alamomin nan huɗu a allo, wato >, <, ≥ da ≤, ya ce biyu na zobe ne, biyu na ɗigo, sannan ya ƙara da wata dabara da ake ganin ta gajarta hanya, wai kibiya tana bin inda tsinin alamar ya nuna. Dabarar tana aiki muddin harafin x yana hagu. Ranar da mai shirya jarrabawa ya juya tambayar ya rubuta 3 > x, sai ka ga rabin aji sun tura kibiya dama, alhali maganar tana nufin x bai kai 3 ba, amsoshin kuma suna hagu. Na sha tsayawa a kan yaron da ya yi wannan zane in ɗora yatsa a kan 5, wadda ke ƙarƙashin kaurin da ya ja, in tambaye shi ko 3 ta fi 5. Nan take zai ce a'a, ya ɗan yi shiru, ya ɗauki abin goge fensir da kansa ba tare da na faɗa masa ina kuskuren yake ba. Wannan gwaji na ɗauko lamba ɗaya a saka a wurin x, a duba ko maganar ta zama gaskiya, ya fi kowace dabarar hadda amfani, kuma bai cin minti ɗaya. Ya kamata ya zama ɗabi'ar yaro, ya gwada lamba ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, sannan ya gwada iyakar kanta kafin ya yanke shawarar cike zobe ko barinsa a buɗe.

Yaranmu sun riga sun san iyakoki tun daga gida, kuma suna da maganganu huɗu da suka yi daidai da alamomin huɗu: abu ya kai, bai kai ba, ya wuce, bai wuce ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 damar yin rajistar zaɓe. Wannan shi ne x ≥ 18, baƙin ɗigo a kan 18, kibiya zuwa dama, saboda wanda ya cika shekara 18 cif yana ciki. Waɗanda ba su da wannan dama kuwa su ne x < 18, kuma a nan ne ɗalibai suke yin wani kuskure mai kyau, irin wanda malami zai ji daɗin gani domin yana buɗe ƙofar bayani. Sukan ce tunda 18 ba ta ciki, bari su koma baya su sa baƙin ɗigo a kan 17. Sai a tambaye su ina za a sa matashin da ke da shekara 17 da wata shida, ko wanda saura masa kwana ɗaya ya cika 18. Dukkansu ba su kai ba, dukkansu kuma sun wuce 17, don haka zanen da ya tsaya a 17 ya bar su a waje. Babu wata lamba ta ƙarshe da za a ce ita ce ke manne da 18 daga ƙasa, domin duk wadda ka kawo akwai wadda ta fi ta kusa, 17.9 tana da 17.99 a gabanta, ita ma tana da 17.999. Dalilin ƙirƙiro zobe mara ciko ke nan. Yaron da ya bi wannan magana har ƙarshe ba zai sake tambayar wace alama ce ke tafiya da zobe ba. Haka kuma ana iya kawo dokar da aka sa wa hannu a 2018, wadda ta rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, da na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, a sa yara su zana tsohuwar iyaka da sabuwa a layi biyu, ɗaya a saman ɗaya, su nuna da yatsa su wane ne suka shigo da ba sa ciki a da.

Akwai wani fili da ya fi wannan wadata, wanda kuma almajiran zaure suka rigaye mu shiga, wato nisabin zakka. Duk wanda ya karanta Risala ya san cewa tumaki da awaki ba su da zakka sai sun kai 40, shanu sai sun kai 30, raƙuma sai sun kai 5. Daga akuya 40 zuwa 120 akuya ɗaya ake fitarwa, daga 121 zuwa 200 kuma biyu. Idan aka rubuta wannan da alamomin lissafi, kason farko shi ne 40 ≤ x ≤ 120, iyaka biyu, kowace da baƙin ɗigo, babu kibiya domin amsoshin sun tsaya a tsakani. Abin lura a nan shi ne tsakanin 120 da 121 babu komai, saboda ba a ƙirga rabin akuya a garke. Saboda haka zanen da ya dace da awaki ɗige-ɗige ne a kan cikakkun lambobi, yayin da na shekarun haihuwa, ko na nauyi, ko na zafin jiki, layi ne mai kauri da bai yanke ba. Masu shirya jarrabawa suna son wannan bambanci ƙwarai. Sukan ƙara 'yar magana a ƙarshen tambaya cewa x cikakkiyar lamba ce, kuma ɗalibin da ya ja layi mai kauri a wurin ya rasa makin ko da lissafinsa daidai ne. Da za a haɗa malamin lissafi da malamin addinin Musulunci na makaranta ɗaya su shirya darasin nan tare, da kowannensu ya sami sauƙin aikinsa.

Kada wani ya ɗauka bambancin ɗige-ɗige da layi mai kauri wasan aji ne kawai, domin ƙasar nan ta taɓa tsayawa cik a kansa. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Agustan 1979 doka ta ce wanda ya fi yawan ƙuri'u sai ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya sami rubu'in a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, kashi 19.94 cikin ɗari ya samu. Kashi biyu bisa uku na 19 kuwa 12 ne da sulusi biyu. Ɓangaren abokin takararsa, Cif Obafemi Awolowo, suka tsaya a kan cewa jiha ba ta gutsuruwa, don haka lamba ta farko da ta kai wannan iyaka ita ce 13. Lauyan Shagari, Cif Richard Akinjide, ya ce iyakar tana nan inda lissafi ya ajiye ta, a 12 da sulusi biyu, kuma abin da ake bukata a jiha ta goma sha uku shi ne rubu'in sulusi biyu na ƙuri'unta, wato kashi ɗaya bisa shida, wanda Shagari ya wuce. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari a ranar 26 ga Satumba, 1979, Mai shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran alƙalan, aka kuma rantsar da sabon shugaban ranar 1 ga Oktoba. Ba hurumina ba ne in sake shari'ar, kuma na san dattawan da har yau ba su daina musu a kanta ba. Abin da ya shafi malamin lissafi shi ne ɓangarorin biyu sun yarda da magana ɗaya, x ≥ 12⅔, saɓaninsu yana ga irin lambobin da aka yarda x ya zama. Idan cikakkun lambobi ne, ɗigon farko yana kan 13. Idan an yarda da gutsure, kaurin yana farawa daga tsakanin 12 da 13. Yanzu da jihohi suka zama 36 lissafin ya faɗa a kan 24 daidai, wannan rigima ta musamman ta kau.

Wuri na gaba da yara ke tuntuɓe shi ne hagu da sifili. Da yawansu suna ganin −5 ta fi −2, tunda 5 ta fi 2, kuma idan aka ce su jera lambobi a layi sai su fara −1 daga can ƙarshen hagu su taho da −2 da −3 zuwa wajen sifili. Duk zanen da aka ɗora a kan irin wannan layi ya lalace tun daga tushe. Ƙa'idar guda ce, duk lambar da ke dama ta fi wadda ke hagunta, ko suna sama da sifili ko suna ƙasa da shi. Maganar bashi tana taimakawa, domin wanda ake bin naira 5,000 ya fi wanda ake bin naira 2,000 nisa da komawa sifili. Ba abin kunya ba ne yaro ya sha wuya a nan. Masana lissafi na Turai kansu sun daɗe suna ɗari-ɗari da lambobin da ke ƙasa da sifili, har John Wallis na Ingila ya bayyana su a 1685 a matsayin tafiya baya a kan layi daga wurin da aka fara. Alamomin > da < ma ba su fito a bugaggen littafi ba sai 1631, a littafin Thomas Harriot da aka buga shekara goma bayan rasuwarsa. Abin da ya ɗauki manya ƙarnoni bai kamata a zuba wa ɗan shekara goma sha uku shi a darasi ɗaya na minti arba'in a wuce ba.

Daga nan ne ake zuwa ga ƙa'idar da ta fi kowace cin maki, wato juya alama idan aka ninka ko aka raba ɓangarorin biyu da lambar da ke ƙasa da sifili. Ana faɗa wa yara ita kamar umurnin soja, su kuma su manta da ita a ɗakin jarrabawa. Layin lambobi yana nuna dalilinta a fili. A sa ɗigo a kan 2 da 5, kowa ya ga 2 < 5. A ninka kowace da −1, sai 2 ta tsallaka ta koma −2, 5 ta koma −5. Wadda take dama a da yanzu ita ce a hagu, don haka −2 > −5. Tsarin ne ya juya, alamar tana bin sa kawai. A ɗauki tambaya kamar 5 − 2x ≥ 11. A debe 5 daga kowane ɓangare, ya rage −2x ≥ 6. A raba da −2 a juya alama, sai a sami x ≤ −3, baƙin ɗigo a kan −3, kibiya zuwa hagu. Gwaji ya tabbatar: idan x ya zama −4, muna da 5 + 8 = 13, wadda ta wuce 11; idan −3 ne, muna da 11 daidai, shi ya sa aka cike zoben; idan sifili ne, 5 ba ta kai 11 ba, saboda haka dama ba ta ciki. Ɗalibin da ya manta bai juya alamar ba zai sami x ≥ −3, kuma da zarar ya gwada sifili zai kama kansa. Ina ba ɗalibai masu rauni wata hanya ta biyu, su tara 2x a kowane ɓangare tun farko don kada su raba da lambar ƙasa da sifili ko kaɗan. Za su sami 5 ≥ 11 + 2x, daga nan −6 ≥ 2x, daga nan −3 ≥ x, amsa ɗaya ce, sai dai tana bukatar yaron da ya iya karanta alama ta kowane ɓangare, abin da dabarar tsinin kibiya ta hana shi koya.

Rashin daidaito mai iyaka biyu bai da wuya ga wanda ya ƙware a mai iyaka ɗaya. Ma'aikatan lafiya da ke kai allurar rigakafi ƙauyuka sun san cewa yawancin alluran ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da digiri 8 a ma'aunin Salsiyos, wato 2 ≤ t ≤ 8, kuma fita ta kowane gefe ɓarna ce. Ana zana t ≥ 2 da t ≤ 8 a layi ɗaya, inda kaurin biyu suka haɗu nan ne amsa.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, cewa aji ya cika maƙil, manhaja ta yi tsawo, kuma zangon karatu bai jira. Gaskiya ne, amma abin da nake ba da shawara bai bukatar kuɗi ko ƙarin mako. A fitar da yara filin makaranta, a ja dogon layi a ƙasa da sanda, a rubuta lambobi daga −6 zuwa 6 da tazara daidai, taki ɗaya tsakanin kowace biyu. A ba wasu yara katin da aka yanka daga kwali, kowa da lambarsa, har da masu rabi kamar 1½ da −2½, su je su tsaya a wurarensu. Malami ya ce x < 2, duk wanda lambarsa ta cika sharaɗi ya ɗaga hannu. Mai riƙe da 2 zai yi ta waige-waige yana jiran a faɗa masa, sauran kuma za su yi ta gardama a kansa, wannan gardamar ita ce darasin. Idan sun daidaita, a ajiye dutse a kan iyakar da ke ciki, ko a zagaye wadda ba ta ciki da yatsa a bar tsakiyarta fili. Bayan misali biyar ko shida a koma aji a mayar da abin da aka yi a ƙasa zuwa takarda. Haka nan ya kamata a riƙa juya tambayar, malami ya zana layi da zobensa da kibiyarsa, ya ce ɗalibai su rubuta alamar da ta haife shi, sannan su faɗi wani abu na rayuwa da ya yi daidai da shi. Wanda ya iya karanta zanen wani zai iya yin nasa.

Wajen ba da maki kuma ina roƙon malamai su rarraba shi, kaso ga jera lambobi daidai da tazara daidai, kaso ga iyaka, kaso ga zobe ko ɗigo, kaso ga ɓangaren da aka ja wa kauri. Idan aka soke amsa gaba ɗaya da jan biro, yaro bai san wanne daga cikin huɗun ya kuskure ba, malamin ma bai san abin da zai maimaita ba. Iyaye kuma, ko da ba su yi boko mai zurfi ba, suna iya taimakawa da tambaya ɗaya idan sun ga irin wannan zane a littafin yaro: su nuna wata lamba a kan layin su ce, wannan tana ciki ko ba ta ciki, kuma me ya sa.

Daga ƙarshe, Edita, ina roƙon ka bar waɗannan tambayoyi uku a ƙarƙashin wasiƙar don ɗaliban da za ta kai gare su. Ta farko, a nuna 4 > x a kan layin lambobi. Ta biyu, a warware 7 − 3x < 1 a zana amsar. Ta uku, yarinya tana da naira 5,000, za ta ware naira 800 kuɗin mota, sauran ta sayi littattafan rubutu da ake sayar da kowane ɗaya naira 1,200; a rubuta rashin daidaiton, a warware shi, a nuna yawan littattafan da za ta iya saya, a kuma yanke shawara ko ɗige-ɗige ya kamata a yi ko layi mai kauri, da inda zanen zai tsaya ta hagu. Idan ka ga ya dace, zan aiko da amsoshin da zanensu a saka a fitowa ta gaba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin lissafi a ƙaramar sakandare,
Zariya, Jihar Kaduna.